Irin hibiskus: yadda ake tara shi, a adana, a yi musaya ba tare da an cuci kowa ba

Tambaya: Ina da hibiskus kala uku a gida. Akwai mai manyan furanni ja da ruwan ɗorawa wanda na saya da sunansa a jiki, akwai jar yakuwa, sai wani mai jan ganye. Wasu masu sha'awar shuke-shuke sun ce mu riƙa musayar iri. Yaushe ake cire irin, yaya ake adana shi, kuma in na ba wani, abin da ke gidana ne zai fito masa?

Amsa: Malama, da tambayarki ta ƙarshe zan fara, don a kanta ne ake yawan samun saɓani tsakanin masu musayar iri. Sunan hibiskus ya tattara ɗaruruwan tsirrai 'yan gida ɗaya, 'yan uwan auduga da kuɓewa, kuma ukun nan da ke gidanki kowanne da halinsa wajen gado.

Yakuwa, wadda masana ke kira Hibiscus sabdariffa, ita ce mai sauƙin sha'ani. Furenta kan yi wa kansa barbara tun bai gama buɗewa ba, shi ya sa da wuya garin furen wata yakuwar ya samu shiga. In kin tara gurguzu daga ja, ja za ki gani baɗi, wanda kika ba shi ma ja zai gani. Mai jan ganyen nan kuwa, in ganyensa mai yatsu ne, furensa kuma ja mai duhu, da alama Hibiscus acetosella ne. Shi ma yana maimaita kansa, sai dai a cikin 'ya'yan akan samu wani ya fi wani duhun ganye. Waɗannan biyun ki ba da su hankalinki kwance.

Matsalar tana ga mai manyan furannin. Wannan shi ne Hibiscus rosa-sinensis, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa masa a 1753. Waɗanda ake sayarwa yau da sunaye masu daɗi ba tsiron daji ba ne. An daɗe ana haɗa su barbara da 'yan uwansu na tsibiran Hawai, da na tsibiran Tekun Indiya irin su Morishos, da wani mai yagaggen fure na gabashin Afirka, Hibiscus schizopetalus, har jininsu ya cakuɗe ƙwarai. Ga shi kuma ƙwayoyin gadonsu ninki-ninki ne, ba tagwaye kawai ba kamar na yawancin halittu. Sakamakon haka, kowace ƙwaya da ke cikin kwanso ɗaya tana ɗauke da nata rabon gadon daban. Karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba ta aiki a nan. Uwa mai fure kamar faranti, ja da ruwan ɗorawa, tana iya haifar ɗan ƙaramin fure ruwan hoda wanda ba wanda zai waiga ya sake kallo. Ko da garin furenta aka yi mata barbara, 'ya'yan ba za su zama ita ba.

To sunan da kika gani a jikin tukunyar fa? Sunan na wannan tsiron ne shi kaɗai, da duk abin da aka yanko daga jikinsa. Wanda ke son ainihin furenki, reshe za ki yankar masa ya dasa, ko a aura reshen a kan wani gindi mai ƙarfi. In kuwa kika zuba iri a ambulan kika rubuta sunan uwar shi kaɗai, mutum zai yi shekara yana ban ruwa yana jiran abin da ba zai zo ba, in ya ga fure kuma ya ce kin yaudare shi. A ganina wannan shi ne laifi mafi yawa a harkar musaya, kuma akasari rashin sani ne ke jawo shi, ba mugun nufi ba.

Masu haɗa irin hibiskus suna da ƙa'idar rubutu da kowa ya amince da ita. Ana fara rubuta sunan uwa, wato wadda ta ɗauki kwanson, sai alamar ×, sai sunan uba, wanda aka ɗebo garin furensa. In ƙwari ne suka yi aikin ba ki san uban ba, sai ki rubuta sunan uwar ki ƙara da “ba a san uba ba”. Ba abin kunya ba ne. Masu neman sabon fure suna karɓar irin wannan da murna, muddin an gaya musu gaskiya, domin abin da suke nema ke nan: su shuka su ga me zai fito.

Tunda ke ma za ki riƙa karɓa, bari in faɗa miki abin da za ki yi hattara da shi. Hotunan nan da ke yawo a intanet na hibiskus shuɗi shar, ko mai launin bakan gizo, ko baƙi ƙirin, ana cewa ga irinsa, kwamfuta ce ta rina su. Cikin waɗanda suka fi kusa da shuɗi a dangin akwai wani Hibiscus syriacus mai suna 'Blue Bird', shi ma in kin dube shi da kyau ya fi karkata ga ruwan malmo. Shi syriacus ɗin, duk da sunansa, asalinsa gabashin Asiya ne, kuma shi ne furen ƙasa na Koriya ta Kudu. Yana zubar da iri barkatai har ya zama ciyawa a lambu, abin da ya sa Donald Egolf na gandun itatuwan gwamnatin Amurka ya samar da wasu da kusan ba sa yin iri sam, irin su 'Diana' da 'Helene' da 'Minerva' da 'Aphrodite'. Wanda ya zo miki da cikin tafi na irin 'Diana', ki tambaye shi inda ya samo. Akwai kuma Hibiscus moscheutos na fadamun gabashin Amurka, mai furen da kan kai santimita 20 zuwa 30. Wasu daga cikinsa, kamar 'Luna' da 'Disco Belle', iri ne mai aure na kamfani. Zubin farko yana fitowa bai ɗaya, amma irin da aka tara daga gare shi sai ya rarrabu, wani dogo wani gajere, launi ya bambanta, kamar dai yadda Mendel, masanin gadon halitta, ya nuna a aikinsa na 1866. Kuma syriacus da moscheutos tsirran ƙasashen sanyi ne da suka saba yin barci lokacin hunturu, don haka a wuri mai zafi shekara zagaye ba su cika yin ƙarko ba. Kafin ki karɓi iri, ki tambayi wane jinsi ne, kada launi kawai ya ɗebe ki.

Yanzu ga yadda ake samun irin. Wataƙila kin lura mai manyan furanninki yana fure kullum amma ba ki taɓa ganin kwanso a jikinsa ba. Haka yawancinsu suke, sai an taimaka musu da hannu. Ki dubi tsakiyar furen, za ki ga doguwar sanda ta fito. A jikinta akwai 'yan ƙananan kawuna masu gari ruwan ɗorawa, wannan shi ne ɓangaren namiji. A can ƙarshenta kuma akwai 'yan ɗigo biyar masu laushi da ɗan danƙo, su ne ɓangaren mace. Da safe, bayan furen ya buɗe garin ya fashe, sai ki ɗebo shi da ɗan burushi ko auduga, ko ki tsinko furen uban gaba ɗaya, ki shafa a kan ɗigon nan biyar har sai kowanne ya rufe.  Ba a jinkiri, domin furen yini ɗaya yake yi, in ya daɗe biyu. Nan take ki ɗaura zare da 'yar takarda a wuyan furen, ki rubuta uwa da uba da kwanan wata da fensir. Biro yana gogewa a rana da ruwa, kuma kada ki ce za ki tuna, bayan wata biyu kwansuna goma duk kamarsu ɗaya.

Washegari ganyen furen zai faɗi ya bar koren gindi. In barbara ta kama, gindin zai zauna ya fara kumbura. In ba ta kama ba, cikin mako guda sai ya yi ɗorawa ya faɗo. Zafi ne babban abokin gaba a nan. Da zarar rana ta haura digiri 30 sosai, yawancin kwansunan zubewa suke yi komai ƙwarewar mai aikin, saboda haka ki bari sai lokacin da gari ya yi sanyi-sanyi da ɗan danshi. Masu cunkushen fure, waɗanda ganyen furensu ya ninku, sun fi wuya, don wani sashe na ɓangaren haihuwarsu ne ya rikiɗe ya zama ganyen fure. Wasu kuma ba sa ɗaukar kwanso ko kaɗan amma garinsu yana da kyau, sai a mayar da su iyaye maza.

Kwanson da ya zauna yana ɗaukar makonni shida zuwa goma kafin ya nuna, wani lokaci fiye. Zai tashi daga kore ya koma ɗorawa, sannan ƙasa-ƙasa, sai bakinsa ya tsage gida biyar. Tsakanin tsagewa da zubewar irin ba nisa, sau da yawa kwana ɗaya ne. Dabarar ita ce da kin ga ya fara sauya launi ki sa masa 'yar jakar yadi mai shara-shara ki ɗaure bakin a jikin reshe. Iska na shiga, ƙwaro ba ya shiga, in ya fashe ba ki nan irin yana ciki. Kada ki sa leda, gumi zai ruɓar da shi. Kada kuma ki yi gaggawar tsinke koren kwanso da nufin ya ƙarasa a ɗaki. Irin da ke ciki fari ne mai taushi, in ya bushe sai ya motse.

Yakuwa ba ta buƙatar wannan hidimar, amma ita ma akwai inda ake kuskure. Tana fure ne idan yini ya fara gajarta, kuma masu tsinkar zoɓorodonta suna cire shi makonni kaɗan bayan fure, lokacin da kwanson da ke ciki bai ƙosa ba. Gurguzun da aka fitar daga irin wannan bai cika tsira ba. Ki ware wasu gindaye tun farko ki bar su sai kwanson ya bushe a jiki, ya yi ƙasa-ƙasa, ya fara buɗe baki, in kin girgiza ki ji yana kaɗawa. Kuma ki ware mafi kyau, masu lafiya da kaurin zoɓorodo, ba ragowar da aka raina ba. Mutane da yawa suna cinye amfanin gindaye masu kyau su bar na ƙarshe ya zama iri, shekara uku sai su ce irin ya lalace. Gara kuma a haɗa daga gindi biyar ko fiye da a dogara da ɗaya. Wajen ɓarewa ki sa safar hannu, don kwanson yana da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi.

Bayan ɓarewa sai tankaɗe da zaɓe. Iri mai kyau cikakke ne, mai tauri, mai duhu, siffarsa kamar ƙoda. In kin matsa shi tsakanin yatsu ba ya lotsawa. Wanda ya yi fyaɗe, ko ya yi haske, ko yake da ɗan rami, ki zubar. Wasu sukan zuba a ruwa su ce wanda ya taso banza ne. Ban yarda da wannan gwajin ga hibiskus ba, domin irin wasunsu yana da gashi-gashi mai riƙe iska, mai rai ma sai ya yi iyo, ga shi kuma kin jiƙa abin da kike son busarwa.

Busarwa ita ce rabin adana iri. Ki baza shi a kan takarda a inuwa, wuri mai iska, mako ɗaya zuwa biyu, kina juyawa. Wani masanin iri na Jami'ar Kalifoniya, James Harrington, ya bar wa manoma ƙiyasi biyu masu amfani: duk lokacin da aka rage danshin cikin iri da kashi 1 cikin 100, tsawon ransa yana ninkawa, haka kuma duk lokacin da aka rage zafin ma'ajiyarsa da kusan digiri 5. Ƙiyasi ne, yana da iyaka, amma ya isa ya nuna miki abin yi. Ki sa busasshen irin a ambulan na takarda, ki sa ambulan ɗin a kwalba mai murfin da ba ya shan iska, ki jefa 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, sannan ki ajiye a firiji. In za ki ɗiba, ki bar kwalbar ta huce a waje tukuna kafin ki buɗe. Kwalba mai sanyi in aka buɗe ta cikin iska mai ɗumi, raɓa ce ke sauka a kan irin, aikin mako biyu ya tashi a banza. Wanda ba shi da firiji, ya nemi wuri mafi sanyi da duhu a gidan, bushewar ce dai ba a wasa da ita.

Ƙwari suna son irin wannan dangin ƙwarai. Jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi da ke addabar auduga suna soka baki su tsotse ƙwayar tun tana cikin kwanso, su bar ɓawo fanko. Akwai kuma ƙananan ƙwari 'yan uwan na wake da ke yin ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta girma a cikin ƙwayar ba ki sani ba, sai bayan wata biyu ki buɗe ambulan ki tarar da gari da ramuka. Maganinsu firiza: a rufe irin a kwalba a bar shi kwana uku zuwa bakwai. Sharaɗi ɗaya ne, sai ya bushe ƙarau. Irin da ke da danshi in ya daskare, ruwan cikinsa ne zai fasa shi ya mutu.

Ko an adana da kyau, irin mai manyan furanni ya fi tsira yana sabo, don haka ki fitar da shi musaya cikin 'yan watanni, kada ki yi ta ɓoyo. Gurguzu ya fi shi haƙuri, yana kai shekara biyu ko uku a kwalba. Duk irin da ya kwana biyu, ki gwada shi kafin ki ba wani: ƙwaya goma a cikin jiƙaƙƙiyar takarda mai laushi, a naɗe a sa a leda a wuri mai ɗumi, a riƙa dubawa. In bakwai sun tsira, ki rubuta haka a ambulan. In uku ne, ki faɗa, ki kuma ƙara yawan abin da za ki bayar. Amma kafin ki yanke wa iri hukuncin mutuwa, ki tuna ɓawon hibiskus yana da tauri, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. A ɗan kankare bayansa, wajen da ya yi doro, da reza ko abin yankan farce ko samfefa, har sai an hango fari-fari kaɗan, a guji ɓangaren da ya lotsa inda saiwa za ta fito. Sai a jiƙa shi dare ɗaya a ruwa mai ɗumi a shuka, zurfin bai wuce santimita ɗaya ba. A zafin digiri 25 zuwa 30 yakan tsira cikin mako ɗaya zuwa huɗu. Wannan bayanin ma yana da kyau ki haɗa wa wanda kika ba, don sau da yawa irin lafiyarsa lau, mai shukar ne bai san a kankare ba.

Abin da za ki rubuta a ambulan bai da yawa: jinsin tsiron, uwa da uba, wata da shekarar da aka cire, adadin ƙwaya. In kin haɗa da hoton uwar, ki bayyana cewa hoton uwa ne. Ƙwaya goma zuwa ashirin sun isa musaya a yakuwa, a mai manyan furanni kuwa biyar ma kyauta ce mai daraja, tunda kwanso ɗaya wani lokaci abin da ke cikinsa bai fi haka ba. In ta gidan waya za ki aika, ki naɗe irin da auduga ko ɗan kwali mai laushi, saboda injunan tantance wasiƙu suna murƙushe ƙwaya a ambulan maras kauri. Ki kuma tabbata ba ɓawon kwanso ko ƙasa a ciki, nan ƙwari da funfuna suke fakewa.

Tsallaka iyakar ƙasa kuma wani babi ne, kuma nan masu sha'awa suka fi sakaci. Akwai yarjejeniyar duniya ta kare lafiyar tsirrai tun 1951 a ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a kanta ne ƙasashe ke neman takardar shaidar lafiyar tsiro kafin iri ya shiga. Tarayyar Turai, tun 14 ga Disamba 2019, tana neman wannan takardar a kan irin shuka da ya fito daga waje, komai ƙanƙantar ƙunshin. Amurka tana da wani izini na musamman na ƙananan ƙunshin iri, wanda mai karɓa ne zai nema tun kafin a aiko, kuma ba kowane tsiro ya shiga ciki ba. Dalilin tsananin a fili yake: hibiskus da auduga ƙwarinsu ɗaya, kuma jar tsutsar auduga tana iya kwanciya a cikin ƙwayar iri ta yi tafiya. A 2020, lokacin da mutane a Amurka da wasu ƙasashe suka riƙa samun ƙunshin iri daga Sin ba tare da sun yi oda ba, hibiskus yana cikin abubuwan da ma'aikatar gona ta Amurka ta gano a ciki, kuma umarnin da aka bayar shi ne kada a shuka. Shawarata ki tsaya ga musaya a cikin ƙasarki, in kuma lallai sai kin aika waje, mai karɓa ya fara tambayar hukumar ƙasarsa. Haka nan a guji irin da aka ɗebo daga daji na jinsunan da ke gab da ƙarewa. Furen jihar Hawai, Hibiscus brackenridgei mai ruwan ɗorawa, yana cikin waɗanda doka ta kare.

In kin shuka irin mai manyan furanni da kika haɗa da hannunki, ki shirya jira. Wasu sukan yi fure a wata na shida zuwa na tara, wasu sai sun haura shekara, har biyu. Yawancinsu ba za su kai uwarsu kyau ba, masu wannan aikin sukan tayar da ɗaruruwa su riƙe kaɗan. Kada ki yanke hukunci da furen farko, don yakan zo ƙarami ko launinsa bai zauna ba, ki bari ki ga na uku da na huɗu, ki kuma ga yadda yake a zafi da sanyi. In aka dace ɗaya ya fito na daban, wannan naki ne, ke ce mai ikon raɗa masa suna. Ki fara yankar rassa biyu ko uku ki dasa, domin in gindin nan ɗaya ya mutu ba inda za a sake samo shi. Sannan ki duba rajistar sunaye da ƙungiyar International Hibiscus Society ke riƙe da ita, ki tabbata wani bai riga ki sunan ba. Wajen rajistar za a tambaye ki uwa da uba, nan ne 'yar takardar da kika ɗaura da zare za ta yi miki rana.